Tsallen Hafizu a Tudun Wada

Asabar, bayan magariba

Yau Hafizu ya tsallake Surajo da babur ɗinsa. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai.

Bikin abokinmu Abdulmalik muka je Tudun Wada mu uku: ni, da Hafizu ɗan Kawu Balarabe, da Imran. Cin shinkafa ya kai mu, ba wasa ba. Kowa ya san filin biki na Surajo ne, yayan Imran, shi da yaransa 'yan babur. Su ɗaga gaba, su murza taya ta yi hayaƙi, mata su yi guɗa. Sai wasu suka hango ƙananan kekunanmu na BMX jingine da katanga, suka fara ihu, "'Yan keke! 'Yan keke!"

Surajo ya kashe babur yana dariya. Ya ce, "Wai kekunan yara ake wa wannan ihun? Imran, kwashi abin wasanka ka kai gida."

Hafizu ba mai surutu ba ne, amma ba ya shanye raini. Ya ce, "Yaya Surajo, kekunan yaran suna tashi sama. Naka yana tashi?"

Akwai tulin jar ƙasa na masu gini a gefen fili, ruwan sama ya daddale shi. Surajo ya gindaya babur a bayan tulin, ya zauna a kai, ya harɗe hannuwa. Ya ce, "Tsallake ni, in ka haifu."

Na riƙe rigar Hafizu. Ya fizge. Ya koma har bakin masallaci, ya taho da gudu, ya hau tulin, ya tashi. A sama ya saki kan keken ya juya shi sau ɗaya, ya cafke. Tayar baya ba ta ko taɓa Surajo ba. Shi ne ya tsorata, ya sunkuya, babur ya rinjaye shi, suka zube tare cikin taɓo da farar shaddarsa.

Hafizu ya dira lafiya. Filin kamar zai tsage. Har amare sun leƙo.

Imran kaɗai ne bai yi dariya ba.

Lahadi, da hantsi

Bidiyon tsallen da wani ya ɗauka ya shiga kowace waya a garinmu, Kwanar Dangora. Direbobin tirela a wajen mai shayi suna maimaita wurin faɗuwar, ba wurin tsallen ba.

Imran ya ce yayansa ya samu ƙanwarsu tana kallo, ya buga wayar da bango. Ya ce, "Hafizu, don Allah ka koma ruga ka kwana biyu." Hafizu ya ce ai shi aka ce ya tsallake, ya tsallake.

Talata, bayan la'asar

Wurin wasanmu simintin shanyar shinkafa ne a bayan tsohon inji. Da damina ba a shanya, mai gadi ya bar mana. Mun haɗa matashin tsalle da katako da tsohuwar ƙofa.

Yau mun tarar an farfasa kwalabe an baza ko'ina. Muka ari tsintsiya muka share, ba wanda ya ambaci sunan kowa.

Har yanzu wulwula ta ƙi ni. Ka tashi sama, ka riƙe kan keke, ka harba gangar jikinsa ya zagayo, ka dira a kan feda. Sai ya zagayo ya sare ni a ƙwauri. Ƙwaurina duk tabo. Hafizu ya ce ina kallon ƙasa ne, in riƙa kallon fedar. Imran shi ba ya son sama. A ƙasa yake wasansa, ya taka ƙarfen gefen tayar gaba, ya ɗage baya, ya yi ta juyi yana latsa birki da yatsa biyu har sai kai mai kallo ka ji jiri. Yau ya kasa. Kowane ƙugin babur daga titi sai ya sauke ƙafa.

Alhamis, magariba

Sun zo.

Juma'a, da safe, asibiti

An ɗinke min leɓe. Haƙori ɗaya ya tafi. Kunnen hagu yana ƙara kamar injin niƙa. Wannan duk ba komai ba ne.

Mu biyu ne a simintin. Imran bai zo ba. Masara ta yi tsayi, ba mu gan su ba sai da suka fito daga cikinta, sun bar baburansu a nesa. Biyu suka kayar da ni, ɗaya ya take min wuya, ya juya kaina da takalminsa don in gani da kyau.

Surajo bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna gaban Hafizu kamar mai gaisuwa. Ya ce, "Da wace ƙafar kake tashi?"

Hafizu ya tofa masa yawu.

Suka ɗora ƙafar dama a bakin katakonmu. Ƙarfen cire tayar mota ne a hannunsa. Na ji ƙarar. Irin ta rake in ka karya a gwiwa. Bai tsaya a bugu ɗaya ba.

Hafizu ya kira innarsa da Fulatanci. Tun muna yara rabon da in ji ya yi haka.

Sauran ba zan rubuta ba.

Juma'a, bayan la'asar

Kawu Balarabe ya zo daga ruga a Ba'awa, tare da babban ɗansa, Yaya Mas'ud. Kawu ya ɗaga zanen ya kalli ƙafar, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Innalillahi." Shi ke nan. Ya juyo gare ni, "Mudassir, sannu. Kai ma sun taɓa ka." Na kasa kallonsa.

Yaya Mas'ud bai zauna ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa a kafaɗa har ma'aikaciya ta ce ya fita da ita.

An kai ƙara. Surajo ya ɓace, shi da yaransa.

Asabar, azahar

Na je na kwaso keken Hafizu. Sun tattake tayoyin, sun lanƙwasa gangar jikin. Nawa ba su kula da shi ba, yana cikin ciyawa.

Ruwan jiya bai wanke simintin duka ba.

Na wanke kekena.

Litinin, da yamma

Likita ya ce ƙashin ya rududduge, sai an yi aiki a Kano. Kawu ya ce a'a, a kai shi gidan mai ɗori a Bebeji, wanda ya taɓa gyara masa kafaɗa. Umma ta roƙe shi, yayanta ne, bai saurare ta ba. An tafi da shi a bayan a-kori-kura, kowane rami sai ya cije hannun rigarsa.

Kafin a tashi Imran ya zo. Ya tsaya nesa da motar, idonsa jajir. Ya ce, "Wallahi tallahi ban sani ba. Kulle ni ya yi a ɗaki tun azahar, ya tafi da makullin."

Yaya Mas'ud ya taka a hankali ya kwaɗa masa mari, har hularsa ta faɗi. Imran bai kare ba. Ya dube ni, wai in yi magana.

Me zan ce? Kullum mu uku ne. Ranar nan kaɗai muka zama biyu.

Talata, bayan asuba

Da na rufe ido sai ƙarar.

Laraba, la'asar

Na koma simintin ni kaɗai. Na yi ta hawa katakon nan, wannan katakon dai, ina tashi ina faɗuwa. Ban nemi wulwula ba, faɗuwar nake nema. Ɗinkin leɓena ya ɓalle. Mai gadi ya zo ya riƙe kan keken ya ce, "Ɗan nan, tafi gida, don girman Allah."

Umma ta ga jini a rigata, ba ta tambaya ba. Ta ɗora ruwan zafi.

Na wanke keke.

Juma'a, bayan masallaci

Malam Abdulmumin, wanda ya karantar da mu duka ukun allo, ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce yana magana da mahaifin su Surajo, yana magana da Kawu, in bar manya su yi aikinsu. Ya ce, "Na san zuciyarka tun kana ƙarami, tana da zafi." Na ce to, Allah gafarta Malam.

Na ce to.

Asabar, da yamma

Na je Bebeji. An ɗaure ƙafar da karare. Ɗakin yana warin man shanu da wani abu kuma. Hafizu ya rame, wuyansa kamar ba nasa ba. Ya tambaye ni ko wulwula ta zauna. Na ce saura kaɗan. Ya tambayi Imran. Na yi kamar kunnen ne bai ji ba.

Da na fito Yaya Mas'ud ya raka ni bakin titi. Ya ce sun duba Kiru, sun duba Tudun Wada, Surajo ya nutse. Ya ce, "Amma ɗan'uwansa yana nan yana hawan keke da ƙafa biyu." Sai ya yi min tambaya ɗaya.

Na san amsar. Ni da Hafizu kaɗai muka san kwalbatin nan na hanyar Kiru, inda Imran yake zuwa da sassafe in yana son ya yi wasa ba mai kallo.

Na amsa.

Lahadi, azahar

Na ture kwanon tuwo.

Ai Imran ya sani. Dole ya sani. Wa ake kullewa a ɗaki bai tambayi dalili ba? Yana da waya. Yana da taga.

Dole ya sani.

Litinin, da hantsi

Ban taɓa shi ba.

Hanya kawai na nuna. Na jingine kekena a gindin ɗorawa na shiga cikin masara. Yaya Mas'ud ne da wasu biyu, da sanduna. Imran yana kan tayar gaba yana juyi, bai ma ji zuwansu ba. Yana waƙa ƙasa-ƙasa.

Na ɗauka mari ne da 'yan sanduna a baya. Haka na ɗauka. Da ya faɗi ya kare kansa da hannuwa, sai suka bi hannuwan. Yaya Mas'ud ya take damtsen, ya shimfiɗa tafin a kan simintin kwalbatin.

Bai yi ihu sosai ba. Yana ta cewa, "Ni ne fa, Yaya, Imran ne, na sha nono a gidanku."

Da suka tafi na ja kekena na fita titi. Na tsayar da wani mai amalanken shanu na ce akwai wanda ya faɗi a kwalbati. Ban jira ba.

Ban taɓa shi ba. Ko yatsa ban sa ba.

Litinin, la'asar

Na wanke keke. Babu komai a jikinsa, na wanke.

Laraba, da safe

An shiga garken Kawu kafin asuba. Ba sata suka zo ba. Sun bi shanun da adda suna sare musu agara.

Da na isa, wasu suna jan gindi a cikin taɓo, suna son tashi, ƙafafun baya ba sa amsawa. Kukan shanu da na mata ya haɗu. Dole aka yanka su kafin su mutu a banza. Ni na danne wuyan Ɗanwake, bijimin da Hafizu ya raina tun yana maraƙi, wanda yake cin dusa a hannunsa. Jini ya cika min takalmi.

Kawu da kansa ya riƙe wuƙar. Yana bismillah muryarsa na karyewa. Da ya gama ya zauna a ƙasa, ya kira Yaya Mas'ud. A gaban kowa ya ce, "Wa ya aike ka wurin yaron mutane? Ni na aike ka?"

Yaya Mas'ud ya sunkuyar da kai.

"Wa ya nuna maka inda yake?"

Yaya Mas'ud bai kalle ni ba. Na ci gaba da wanke hannu a kwatarniya, ruwan ya riga ya yi ja.

Alhamis, magariba

Babura sun zagaya layinmu sau biyu. A na biyun suka tsaya, ɗaya ya kankara adda a ƙofarmu yana kiran sunana. Umma ta tura ni ɗakin girki, ta fita da hijabinta ta tsaya a zaure. Na ji tana cewa, "Ku fara da ni. Na san uwar kowannenku." Maƙwabta suka fito, masu baburan suka tafi.

Ta dawo. Ta ce gobe da asuba zan bi motar Doguwa, wurin Gwaggo Muhsina. Ta tsaya ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Mudassir, akwai abin da ya kamata in sani?"

Na ce babu.

Asabar, Doguwa, da yamma

Duwatsu ko'ina. Da a da ne da na haukace don murna, ga wurin hawa ga wurin dira. Na taho da keken a saman mota, yana jingine a rumbun Gwaggo.

Gwaggo ba ta tambaya. Ta dama min kunu ta ce in sha da zafinsa.

Litinin, la'asar

Samarin unguwa sun gane ni daga bidiyon, wai ni ne na riƙe rigar mai tsalle. Suka nace sai na nuna musu. Na hau wani falalen dutse, na ɗaga gaba, na ɗan yi tsalle, suna tafi. Ɗaya ya ce, "Yi irin wanda ya jefa mutumin nan a taɓo!" Suka kwashe da dariya.

Ban san lokacin da na sauka ba. Na dawo hayyacina ina zaune a ƙirjinsa, hancinsa ya fashe, mutum uku suna jan hannuna. Ban ma san sunansa ba.

Gwaggo ta je ta ba iyayensa haƙuri. Ta dawo ta kulle keken a rumbu ta ɗaure makullin a bakin zaninta. 

Laraba

Ruwa tun safe.

Juma'a, bayan la'asar

Abdulmalik ya kira. An kama Surajo a Zariya. An kama Yaya Mas'ud a ruga, Kawu ne ya miƙa shi da hannunsa. Malam Abdulmumin da mai gari sun zaunar da gidajen biyu, an yi rantsuwa ba wanda zai ƙara ɗaga hannu.

Ƙafar Hafizu ta kumbura ta fara ruwa, dole aka kai shi Kano aka yi aikin, aka dawo da shi asibiti kusa da gida. Zai taka, in ji su, amma da ɗingishi. Keke kuwa sai dai kallo.

Na tambayi Imran. Abdulmalik ya ce hannun dama an cire yatsu biyu, na hagu a naɗe yake. Ya ce an tambaye shi yadda aka yi suka gano kwalbatin, ya ce bai sani ba.

"Ɗaki ɗaya suke da Hafizu," in ji shi. "Babu wani gadon. Ka ji ikon Allah."

Lahadi, da safe

Na ce wa Gwaggo zan koma. Ta kunce makullin ta miƙo min. Na ce ta bar shi a wurinta tukuna.

Litinin, bayan magariba, gida

Na je.

Daga barandar asibitin na jiyo muryar Hafizu da Imran. Gardama suke kan wani bidiyo na 'yan keken ƙasar waje, Hafizu yana riƙe da wayar yadda dukansu za su gani. Gadajen suna dab da juna. Da na yi sallama Imran ya amsa. Hafizu bai amsa ba. Ya kife wayar a ƙirjinsa ya juya fuska bango.

Na zauna a bakin gadonsa. Na ce, "Ya jiki?"

Ya ce, "Mutum biyu ne suka san kwalbatin nan, Mudassir. Ni kuma ina kwance."



An kira la'asar. Imran ya sauko da ƙafafunsa a hankali, hannuwansa biyu a ɗage gabansa kamar mai ɗauke da wani abu mai zafi. Ya ce in raka shi waje. Muka fita bayan ɗakin, wurin famfo. Na buɗe baki, ya riga ni.

"Na ga kekenka a gindin ɗorawa. Jan sirdin nan, wa zai kasa gane shi? Tun kafin su iso na gan shi. Murna na yi, na ce Mudassir ya huce, ya zo mu yi wasa. Shi ya sa ban waiwaya ba."

Na tsuguna a wurin. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa a zo a karya naka? Sannan wa kuma? Ummarka?" Ya girgiza kai. "Kuma ban yafe ba, kada ka ɗauka na yafe. Ban sani ba ko zan iya. Ina dai so a tsaya."

Na yi kuka. Tun ranar simintin sai yau.

Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya tura butar da ƙafa ta zo gabana. Ya ce, "Lokaci yana wucewa. Ƙanwata ke yi min, yau ba ta zo ba."

Na cika butar. Na shafa a kan bandejin yadda ya nuna min. Na wanke masa fuska, na shafa masa kai da kunnuwa. Na durƙusa na ɗora ƙafarsa a cinyata na wanke, dama sannan hagu, har tsakanin yatsu.

Ya ce gobe ma in zo kafin azahar.